Sandar da Na Kafa a Bakin Teku

Lokacin da abin nan ya faru, shekarata uku a Doha ina tsaron ƙofar da ita da kanta take buɗewa. Aikina ke nan. Awa goma sha biyu a tsaye a ƙasan wani dogon bene a West Bay, da baƙar riga da takalmi mai cin ɗan yatsa, in ce wa mai shiga barka da zuwa, in ce wa mai fita a sauka lafiya. Da korona ta zo aka ƙara mini wata 'yar na'ura da nake auna wa mutane zafin jiki a goshi. Ta cikin gilashi ina hango teku can nesa. Ni da aka haifa a gidan masunta a Yawuri, na iya tuƙa kwalekwale tun ban iya ɗaura zariyar wando ba, amma duk shekarun nan ko ƙafata ban tsoma a ruwan ba.

Mu shida ne a ɗakinmu na unguwar Madinat Khalifa. Ni a gadon sama, a ƙarƙashina Baba Isaka, direban bas ɗin kamfani, mutumin Zangon Kumasi, ya doshi sittin. Shi ya riƙe ni tun zuwana. Shi ya koya mini yadda ake yi wa sufabaiza shiru, da yadda ake jiƙa ƙafa a ruwan gishiri in an sauka daga duti. Sarkin Ruwa yake ce mini, don tsokana, saboda ba a yin hira ta minti goma ban sako labarin kifi ba.

Shekara huɗu rabonsa da gida. Mahaifiyarsa, wadda yake kira Mma, ta haura tamanin, ta daina fita ko tsakar gida. Sau biyu yana riƙe tikiti a hannu. Na farko aka rufe filin jirgi. Na biyu korona ta kama shi a satin tafiyar, ya yi sati uku da robar iska a hanci, ya fito ƙirjinsa na ƙara kamar tsohon zugazugi. Na uku shi ne na wata Alhamis da muke ta jira, saura wata guda da 'yan kwanaki a fara gasar cin kofin duniya. Kamfani ya riga ya manna takarda a bango: daga ƙarshen wannan satin an rufe hutu, ba mai motsawa sai an gama ƙwallo. In ƙanwarsa ta kira ta kara wa tsohuwa waya a kunne, tambaya ɗaya take yi masa, yaushe. Shi kuma ya ce, "Alhamis, Mma. In Allah ya yarda Alhamis."

To, a gidanmu ba a sallamar matafiyi hannu rabbana, kuma ba a sallamarsa da abin kanti. Kifi ake kamawa da hannu, a banda shi, a naɗe a sa masa a jaka. Haka na taso na gani. Kuma ina da birgi, ragar kamun kifin nan da ake jefawa. A kwanakin kulle, da muka yi wata da watanni muna kallon silin, wani ɗan Bangaladash mai kula da sito ya ba ni ƙullin zaren nailan, na zauna na saƙa shi ido bayan ido. Dalmar da ake ɗaura wa bakinsa don ya nutse ce ta gagara, sai Baba ya riƙa tsinto mini noti-noti a garejin bas yana zubowa a aljihu. Birgin nan ya fi shekara a ƙarƙashin katifata bai ga ruwa ba.

Na ce, "Baba, ranar Asabar dukanmu muna hutu. Akwai jirgin ruwa da ke kai mutane wani tsibiri. Mu je in kama wa Mma kifi."

Ya ce, "Sarkin Ruwa, bar ni in kwanta. Ni yanzu ko titi ba na son tsallakawa sai Alhamis ta wuce."

"Haba Baba! Zama kawai za ka yi a inuwa."

"Kifi ya ƙare a kasuwa ne?"

Na ɓata rai, na yi kwana biyu ina amsa masa magana a daƙile. Gaskiyar magana, ba don Mma kaɗai ba ne. So nake wani ya gan ni ina abin da na iya. Na gaji da zama mutumin da ake wucewa ta gabansa ba a ɗaga kai. Ranar Juma'a da muka dawo masallaci ya dube ni ya ce, "To, yalla, mu je. Kada ka mutu da fushi a kaina."

A bakin ruwa muka fara cin karo da ɗan damfara. Wani mai jar hula da baƙin tabarau ya tare mu, ya nuna mana hoton wani farin jirgi mai kujerun laushi da na'urar sanyi, ya karɓe abin da zai karɓa, ya ba mu takarda, ya yi mana nuni da hannu. Kafin mu waiga ya ɓace. Da muka isa inda ya nuna, wani tsohon jirgin katako muka tarar, yana warin dizal, an shimfiɗa tsohuwar darduma a ƙasa. Takardar ma ba ta jirgin ba ce. Mai jirgin, wani tsoho baƙi siriri ɗan Indiya, ya juya ta gaba da baya, ya dubi furfurar Baba, ya girgiza kai, ya ce mu hau kawai.

An cika jirgin maƙil. 'Yan Filifin da tukwane da rediyo, iyalan Indiyawa da kuloli, wasu samari 'yan Nepal suna ta ɗaukar hoton dogayen benaye ta baya. Na hango benenmu a cikinsu, ƙanƙane, na ji wani sanyi a raina da na ga ana iya barinsa a baya.

Sanyin bai daɗe ba. Muna fita daga lungun gari jirgin ya fara wani irin lilo da ban san shi ba. Ruwan kogi gaba yake tura ka, ka san inda ya dosa. Wannan kuwa ɗaga ka yake ya sauke, ya karkata ka hagu, ya dawo da kai dama. Kafin rabin awa na rataya a jikin katako ina amayar da shayin safe. Ni! Ɗan gidan masunta! Baba yana zaune daram da carbinsa, dariya na cinsa tari na katse shi.

"Sarkin Ruwa, talakawanka sun yi maka tawaye ne?"

Na sake rataya a jikin katakon. Wata mata 'yar Filifin ta miƙo mini ɓawon lemo ta ce in shaƙa. Na karɓa kaina a ƙasa.

Tsibirin ba wani abin a zo a gani ba ne. Farin yashi ne mai kashe ido, da 'yan ciyayi gajeru, da rumfunan katako uku ko huɗu, ga zafi tun da hantsi kamar an buɗe murhu. Amma ruwan, kai! Garau yake, kana ganin yatsun ƙafarka da inuwar kifi tana wucewa. Muna sauka mai jirgin ya ga birgi a kafaɗata, ya riƙe hannuna. Da guntun Larabci da guntun Turanci ya ce mini kada in yi nisa, ruwa yana tafiya kuma yana dawowa, bayan azahar zai dawo da ƙarfi. Ya nuna agogonsa, ya nuna ƙirjinsa, wato har nan yake kaiwa.

Na ji shi sarai. Ba zan ce ban fahimta ba. Ko a makaranta an taɓa gaya mana teku na cika tana janyewa, na ɗauka abu ne na taku ɗaya ko biyu. Kuma ga haushin aman da na yi a gaban mutane. A raina na ce, wannan tsohon zai koya mini ruwa?

A wurinmu in kana son sanin halin da kogi yake ciki, ba ka tambayar kowa. Sanda kake kafawa daidai inda ruwa ya tsaya, ka tafi harkarka, ka dawo ka duba. In ruwa ya hau sandar, cika yake, ka kwashe kayanka daga gaɓa. In ya bar ta a tudu, ja yake, kuma kogin da ya fara ja ba ya juyowa sai wata shekara. Haka mahaifina ya koya mini, haka shi ma aka koya masa, kuma bai taɓa ba mu kunya ba. Na samo wani guntun kara na kafa. Muka zauna a rumfa muka ci burodi da wake. Da na koma, sandar na tsaye a busasshen yashi, ruwa ya ja baya ya fi taku goma.

Na kira Baba na nuna masa. "Ka gani? Ja yake. Wannan ko zuwa gobe ba zai dawo nan ba."

"Mutumin nan fa ya ce bayan azahar."

"Baba, shi jirgi ya sani. Ni a ruwa aka yanke mini cibiya."

Can gaba, kamar tafiyar minti goma, wani tudun yashi ya fito fili, tsuntsaye sun taru a bakinsa suna caccaka. Inda tsuntsu ya taru akwai kifi, wannan kam ko'ina haka ne. Na ce ya zo ya riƙe mini buhu. Mutumin da na yi wa alkawarin zama a inuwa. Ya dubi rumfar, ya dube ni, ya naɗe ƙafar wandonsa. Muka bar jakarmu da wayoyinmu a rumfa don kada su jiƙe, muka taka. Ruwan tsakanin tsibirin da tudun iyakarsa idon sawu.

Ba zan ɓoye ba, awa biyun nan su ne mafi daɗi da na yi a ƙasar nan. Jifan farko birgin ya harɗe, hannuna ya manta. Na biyu ya buɗe rabi. Na uku na ji kafaɗata ta tuna, ya tashi ya buɗe zagaye guda ya sauka shap. Da na ja na ji nauyin nan mai motsi, sai da hawaye ya zo mini. Wasu farare ne dogaye masu kama da ƙawara, da wasu masu ƙaya a baya da ban san sunansu ba. Baba yana ta ihu kamar ba shi ne mai ciwon ƙirji ba.

"Kai! Ashe ba ƙarya kake mana ba! Sake jefawa, Sarkin Ruwa, sake!"

Na yi ta jefawa. Muka bi kifin har ƙarshen tudun, bayanmu na kallon tsibirin. Buhu ya kusa rabi. Da rana ta karkata Baba ya ce mu yi salla. Muka yi alwala da ruwan gishiri, ya ja mu a kan yashi. A sujadar ƙarshe na ji ruwa ya taɓa mini goshi.

Muna sallamewa na waiga. Tudun da muka yi ta yawo a kai ya koma kamar faɗin tabarma uku. Hanyar da muka biyo babu ita, sai ruwa shuɗi yana gudu a gicciye. Mutanen rumfa sun zama 'yan ƙanana, kiɗansu na zuwa sama-sama. Na ɗaga riga na yi ta kaɗawa, na yi ihu har muryata ta dushe. Ban ga wanda ya juyo ba.

Baba ya ce, a hankali, "Hamisu, ban iya ruwa ba fa."

Tunda muka haɗu bai taɓa kiran sunana na yanka ba sai ranar.

Na ce kada ya damu, ya kama kafaɗata ta baya, duk inda na sa ƙafa ya sa. Kuma don taurin kai irin nawa, sai da na ɗaura buhun kifin a ƙugu, na rataya birgin a wuya. Muka shiga. Gwiwa. Cinya. Kafin mu kai tsakiya ya kai mana ƙirji, yana jan ƙafafunmu gefe, yashi na zamewa a ƙarƙashin tafin sawu. Ina jin numfashin Baba a bayan kunnena, fiit, fiit, yana salati a guntule. Buhun ya riƙa fizgata. Na kwance shi na sake, na cire birgin na sake. Ko kallonsu ban yi ba.

Sai Baba ya taka rami. Hannunsa ya zame daga kafaɗata, na juyo ban gan shi ba, sai hularsa. Na nutsa na cafko rigarsa. Ya fito ya maƙale mini wuya da ƙarfin da ban san yana da shi ba, muka koma ƙasa tare. Na sha, ya sha. Da ƙyar na ɓamɓare hannunsa na juya shi, na tallafo haɓarsa sama, na kwanta da baya ina bugun ruwa da ƙafa. Ban san inda muke dosa ba. Abin da kawai ke yawo a kaina shi ne Alhamis, Alhamis.

Ƙarar inji na ji. Ashe tsohon mai jirgin tun da muka tafi idonsa na kanmu, da ya ga ruwa ya juyo bai ga mun taso ba ya kwanto ƙaramin kwalekwalensa mai inji. Shi da wani ɗan Nepal suka jawo Baba ciki, sannan ni. Na jira ya zage ni. Wallahi da ya zage ni da na fi jin daɗi. Sai kawai ya cire mayafin kansa ya lulluɓa wa Baba.

A gaɓa matar nan mai ɓawon lemo ta ture mutane ta durƙusa. Ashe nas ce. Ta kwantar da shi a gefe, ya yi ta amayar da ruwa, ta kara kunne a bayansa ta daɗe tana saurare. Ta tambaye ni ko ya taɓa ciwon ƙirji, na ce korona. Fuskarta ta canza. Ta ce muna sauka mu wuce asibiti kai tsaye, ko da ya ce ya warke, don ruwan da ya shiga huhu ba a ranar yake nuna kansa ba. Sau uku tana maimaitawa.

A hanyar dawowa ba wanda ya kunna rediyo. Baba ya jingina da ni yana rawar sanyi a cikin wannan zafin. Da benaye suka fara matsowa ya kama hannuna.

"Ba za mu asibiti ba."

"Baba, ka ji abin da ta ce."

"Na san su. In na shiga da wannan ƙirjin ba za su sake ni ba sai bayan sati. Kwana biyar ne kawai, Hamisu. In na sauka Kumasi su kwantar da ni shekara ma."

Na san matar ce mai gaskiya. Amma na riga na jawo masa ɗaya, ba ni da bakin da zan ja da shi a na biyu. Kuma ni ma tsoro nake ji a tambaye ni yadda aka yi. Muka hau tasi muka koma ɗaki. Da 'yan ɗaki suka tambayi kifi, Baba ya ce teku ta ƙwace kayanta, aka yi dariya.

Lahadi ya fita aiki. Litinin ya dawo jikinsa zafi rau, na dafa masa citta da kanumfari, na saya masa ƙwayar zazzaɓi. Talata da safe ya tashi zai yi alwala ya zube a ƙofar banɗaki, leɓensa ya yi baƙi. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Ranar Alhamis ina tsaye a bakin ƙofata ina ce wa mutane barka da zuwa, shi yana kwance da robar iska a hanci, akwatinsa a ɗaure a ƙarƙashin gado da atamfar Mma a ciki.

Kwana goma sha shida ya yi. Da ya fito ya je ofis da takardun asibiti, ni ma na bi shi na roƙa a bar shi ya je gida, har da durƙusawa. Mutumin ofis bai yi mana wulaƙanci ba, har ruwa ya ba mu. Ya ce baƙi sun fara sauka, kowane direba an riga an rubuta masa layinsa, ba shi da ikon cire ko mutum ɗaya. Halas, magana ta ƙare. Bayan ƙwallo.

Aka fara gasa. Garin ya cika da tutoci da ganguna da mutane masu fenti a fuska. Mu kuwa aka ƙara mana awoyi, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya daina shiga sai da dabara. Baba yana jigilar 'yan kallo daga safe har ƙarfinsa ya ƙare, ya dawo ya kwanta da takalminsa. Bai taɓa tayar da maganar tsibirin ba. Yana gaishe ni, yana miƙo mini abinci in ya dafa. Tsokanar ce dai ta ƙare.

Ranar da ƙasarsu ke wasa na biyu, wajen la'asar, ina bakin ƙofa sai na gan shi ya tsallako titi da rigar aiki. Bai taɓa zuwa wurin aikina ba. Wasu 'yan ƙasarsu na wucewa da ganga suna rawa, ya ratsa ta cikinsu kamar bai gan su ba. Ya tsaya a gabana yana kallon tayil.

"Mma ta tafi da safe. Har an kai ta."

Na yi salati. Na ce Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Sai bakina ya ƙi tsayawa. Na ce, "Baba, ni ne. Ni na hana ka ganinta. Ka yafe mini don Allah."

Ƙofar tana ta buɗewa tana rufewa a bayana saboda mun tsaya kusa da ita.

Ya ce, "Kwananta ne ya ƙare. Kuma da ƙafata na bi ka, ba ɗaure ni ka yi ba. Na yafe maka duniya da lahira, Allah ne shaida." Ya ja numfashi, ƙirjin ya yi ƙara. "Amma ka yi mini haƙuri, ɗana. Ban iya kallon fuskarka ba tukuna. Na gwada, abin ya ƙi."

Ya juya ya koma wajen bas ɗinsa, don akwai mutanen da zai kai filin wasa. Ni ma ban bar ƙofar ba sai da lokacina ya cika. Da na koma ɗaki na tarar ya kwashe kayansa ya koma wajen direbobi a hawa na biyu.

Ana gama gasa ya ajiye aikin ya tafi gida gaba ɗaya. Ni ina nan har yanzu, a ƙofar nan dai. Duk sallah ƙarama da babba sai ya turo mini saƙo, ya gaishe ni da kyau, ya tambayi mutanen Yawuri, ya sa mini albarka. Sau biyu na kira shi ta bidiyo, wayar ta yi ta ringi har ta katse. Bayan 'yan mintoci sai saƙon murya ya shigo.